Gayyar Masana Lissafi: Mujallar Fundamenta Mathematicae da Tasirinta

A shekarar 1920 aka buga kundin farko na wata mujallar lissafi a birnin Warsaw na ƙasar Polan. Sunanta da harshen Latin, Fundamenta Mathematicae, ma'anarsa ginshiƙan lissafi. Ƙasar da ta fito da ita kimanin shekara biyu ke nan da dawowarta kan taswirar duniya, bayan ta shafe shekara 123 a rabe tsakanin Rasha da Furushiya da Ostiriya. A watan Agustan wannan shekara sojojin Rasha sun iso har bakin Warsaw, kuɗin ƙasar kuma kullum darajarsa zubewa take yi. Duk mai hankalin da aka tambaya a lokacin abin da Polan ta fi bukata, da wuya ya ambaci mujallar tsantsar lissafi, wato lissafin da ake yi domin sanin gaskiyar al'amari ba tare da an tambayi gadar da zai gina ko injin da zai tayar ba. Amma an buga ta, kuma waɗanda suka kafa ta sun ƙara wa kansu wani sharaɗi mai wuya: ba za ta karɓi kowane irin lissafi ba, sai reshe guda da abin da ya jiɓance shi.

Wannan ƙuntatawa da suka yi da gangan ita ce abin dubawa a nan. Daga cikinta martabar mujallar ta fito, kuma a cikinta akwai darasi game da yadda ake gane mujallar ilimi mai tasiri da wadda ke cika kanta kawai.

Malamai ba tare da makaranta ba

Polan ba ta rasa masana lissafi ba kafin 1920. Abin da ta rasa shi ne mahaɗa. Jami'ar Warsaw da harshen Rashanci take koyarwa, ɗaliban ƙasar kuma sun ƙaurace mata tun bayan tarzomar 1905, sai a 1915 aka sake buɗe ta da harshen Polan. Jami'o'i biyu ne kawai, ta Krakow da ta Lwow, waɗanda ke ƙarƙashin Ostiriya, suke koyarwa da harshen gida. Matashin da ke son zurfafa karatu sai ya tafi Paris ko Gottingen ko Mosko, ya dawo da abin da malaminsa na can ya ɗora shi a kai. Sakamakon haka kowa da inda ya fuskanta. A 1911, a wani taron masana da aka yi a Krakow, manyan malaman lissafi na jami'o'in nan biyu sun haɗu: Puzyna, da Zaremba, da Zorawski, da Waclaw Sierpinski. Sun gaisa, sun yi hira, amma ba su sami mas'ala ɗaya ta lissafi da za su zauna a kanta tare ba, domin kowane ɗaya fanninsa daban. Ƙwararru huɗu, gonaki huɗu masu nisa da juna, kowa na noma shi kaɗai.

Wanda ya ga cutar ya kuma faɗi maganinta shi ne Zygmunt Janiszewski. An haife shi a Warsaw a 1888, ya yi digirinsa na uku a Paris a 1911 a hannun Henri Lebesgue. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke ya shiga rundunar 'yan kishin ƙasa ta Pilsudski. Daga baya ya ƙi yin rantsuwar biyayya da aka nemi sojojin su yi, ya ɓuya a ƙauye da sunan aro, inda ya riƙa kula da gidan marayu. A 1918 wata maƙala tasa ta fito a kundin farko na Nauka Polska, a kan bukatun lissafi a ƙasarsu. Gajeriyar maƙala ce, amma ita ce ta zama tsarin aikin shekara ashirin da suka biyo baya.

Shawarar Janiszewski

Hujjarsa mai sauƙin fahimta ce. Ƙasa mai 'yan tsirarun masana ba za ta iya gogayya da Jamus da Faransa a kowane fanni ba. In ta bazu a ko'ina, 'ya'yanta za su ci gaba da zama almajiran wasu, suna aika rubuce-rubucensu waje, suna jiran a ce sun yi daidai. Saboda haka ya ce a tattara masu bincike a reshe ɗaya, a kafa mujallar da ba ta buga komai sai aikin wannan reshe, a kuma buga ta da harsunan da masana lissafi na duniya ke karantawa. Ya lura cewa mai lissafi ba ya bukatar ɗakin gwaji mai tsada kamar masanin sinadarai. Abin da yake bukata shi ne abokan aiki da zai jefa wa tambaya su jefo masa wata. Abin da Janiszewski ya nema, a taƙaice, gayya ce: a bar gonaki huɗu, a taru a guda, a gama ta da wuri.

Zaɓen gonar ma da lissafi aka yi shi. Reshen da aka ɗauka shi ne nazarin tari da abin da ke rataye da shi. Tari a nan yana nufin duk wani gungun abubuwa da aka ɗauka a matsayin abu guda, ko lambobi ne, ko ɗigogin da ke kan layi. Georg Cantor na Jamus ne ya assasa fannin tun daga shekarun 1870, ya kuma girgiza masana da ya tabbatar cewa abubuwa marasa iyaka ma suna da manya da ƙanana: lambobin ƙirge, ɗaya, biyu, uku, ba su da ƙarshe, amma ɗigogin da ke kan layi sun fi su yawa ta hanyar da za a iya kafa wa hujja. Maƙwabcin wannan fanni shi ne tofoloji, wanda ke nazarin siffofin abu da ba sa canzawa in an miƙe shi ko an lanƙwasa shi, matuƙar ba a yaga ba. Na uku shi ne manɗiƙin lissafi, mai binciken ita kanta hujja da ƙa'idojin da take tsaye a kansu.

A lokacin, manyan malamai da yawa a Turai suna kallon waɗannan fannoni da ɗan shakku, wasu ma suna ganin wasa da hankali ne. Wannan raini shi ya ba Polan dama. A tsofaffin fannoni Paris da Gottingen sun riga kowa da shekara ɗari. Nazarin tari kuwa sabon daji ne da ba a gama sharewa ba, wanda ya zo a makare bai yi asarar komai ba. Ga shi kuma akwai mutum uku a ƙasa da suka riga suka fara sara a cikinsa: Sierpinski, wanda ya soma koyar da darasin nazarin tari a Lwow tun 1909, ɗalibinsa Stefan Mazurkiewicz, da shi kansa Janiszewski, wanda kundin digirinsa a kan tofoloji yake. Su ukun suka haɗu a Jami'ar Warsaw bayan yaƙi, masana manɗiƙi biyu, Lukasiewicz da Lesniewski, suka shiga cikin kwamitin editoci.

Janiszewski ya tattara maƙalun kundin farko, amma bai ga fitowarsa ba. Annobar murar nan da ta ratsa duniya bayan yaƙi ta kama shi, ya rasu a Lwow ranar 3 ga Janairu, 1920, yana da shekara 31. Ya bar wasiyya cewa a ba da dukiyarsa ga ayyukan taimako, gawarsa kuma a ba likitoci su yi nazari. Sierpinski da Mazurkiewicz suka ɗauki ragamar mujallar.

Abin da gonar ta haifar

Duk marubutan kundin farko 'yan Polan ne, da gangan aka yi haka domin duniya ta ga cewa akwai makaranta a Warsaw. Lebesgue, malamin marigayin, ya rubuto wa Sierpinski wasiƙa yana yabon aikin, amma ya bayyana shakkarsa: yana ganin mujalla mai ƙuntataccen fanni irin wannan za ta rasa abin bugawa bayan ɗan lokaci, ko kuma ta fara karɓar tarkace domin cike shafuka. Shakka ce ta mai hankali, domin kafin wannan lokaci manyan mujallun lissafi, irin su ta Crelle a Jamus da ta Liouville a Faransa, kowane reshe suke ɗauka. Abin da ya faru shi ne akasin haka. Daga 1920 zuwa 1939 an buga kundi 32, wato a shekaru da dama kundi biyu ake fitarwa saboda yawan aikin da ke shigowa.

Yawan kundi ba shi ne hujja ba, sai an duba abin da ke ciki. A kundi na 3, na 1922, aka buga kundin digirin Stefan Banach, wani matashi da bai kammala karatun jami'a ta hanyar da aka saba ba. Hugo Steinhaus ne ya tsince shi a 1916 a wani lambun shaƙatawa a Krakow, bayan ya ji shi yana hira da abokinsa a kan aikin Lebesgue. A wannan rubutu Banach ya shimfiɗa ƙa'idojin wani irin fili na lissafi wanda kowane ɗigo a cikinsa ba lamba ba ce, cikakken aikin lissafi ne, filin da har yau ake kira da sunansa. A ciki kuma akwai ƙa'idar tsayayyen ɗigo. Misalinta shi ne mutum ya shimfiɗa taswirar gari a ƙasa a cikin garin: dole a sami wuri ɗaya tak a kan takardar da ke zaune daidai bisa wurin da yake wakilta. Ƙa'idar ta kuma nuna yadda za a kai ga wurin, ta hanyar maimaita mataki ɗaya ana matsowa kusa. Da ita ake tabbatar da cewa ɗimbin matsalolin kimiyyar motsi da na injiniyanci suna da amsa, kuma irin wannan maimaitawa ce kwamfuta ke yi a yau in tana neman amsar da ba a samunta kai tsaye.

A 1924 Banach da Alfred Tarski suka buga sakamakon da ya fi kowane ɗaure kai. Sun tabbatar cewa ana iya raba dunƙulalliyar ƙwallo zuwa ɓangarori ƙidayayyu, a juya su, a matsar da su, ba tare da an miƙe ko an matse ko ɗaya ba, a sake harhaɗa su su zama ƙwallo biyu, kowace daidai girman ta farko. Ba za a iya yin haka da lemo da wuƙa ba, domin ɓangarorin warwatsattsun ɗigogi ne da ba su da girman da za a auna. Muhimmancin sakamakon shi ne ya fito da abin da ke ɓoye a cikin wata ƙa'ida da Zermelo ya gabatar a 1904, ƙa'idar zaɓi, wadda ke cewa in akwai tarin jakunkuna marasa iyaka, kowace da abu a ciki, ana iya ɗaukar abu ɗaya daga kowace. Magana ce da kowa zai amince da ita ba musu, sai ga abin da ta haifa. Bafaranshe ko Bajamushen edita na wancan zamani zai iya ɗaukar irin wannan aiki a matsayin almara. A Warsaw kuwa an kafa mujallar ne domin irinsa.

A 1930 Kazimierz Kuratowski ya warware wata tambaya da yaro ma zai gane. A ɗauka akwai gidaje uku da rijiyoyi uku, ana son kowane gida ya sami hanyarsa zuwa kowace rijiya ba tare da hanyoyin sun ratsa juna ba. Ba ya yiwuwa. Haka nan ƙauyuka biyar da ake son haɗa kowane da kowane. Kuratowski ya tabbatar cewa waɗannan siffofi biyu su kaɗai ne tushen matsalar: duk tsarin hanyoyin da ya ƙi shimfiɗuwa a fili ba tare da giciye ba, to ɗaya daga cikinsu na ɓoye a cikinsa. Masu zana hanyoyin lantarki a kan allunan na'urori suna fuskantar wannan tambaya a aikinsu, ko da yake ba su Kuratowski ke tunani ba sa'ad da yake rubutu. Bayan shekara uku Karol Borsuk ya tabbatar da wani hasashe na Stanislaw Ulam, wanda ɗaya daga cikin ma'anoninsa shi ne cewa a kowane lokaci akwai wurare biyu a doron ƙasa, masu fuskantar juna ta tsakiyar duniya, da zafinsu da nauyin iskarsu suka yi daidai.

Tun kafin a kai nan baƙi sun fara ƙwanƙwasa ƙofa. Luzin da Aleksandrov da Urysohn sun aiko da aikinsu daga Mosko, Hausdorff daga Jamus, John von Neumann ya buga a 1929 maƙalar da ta bayyana dalilin da ya sa abin mamakin ƙwallon nan ke faruwa a dunƙulallen abu amma ba ya faruwa a shimfiɗaɗɗen fili. Alƙiblar saƙo ta juya: a da daga Warsaw ake aikawa waje, yanzu daga waje ake aikowa. Da aka buga kundi na 25 a 1935, Tamarkin ya yi sharhi a mujallar ƙungiyar masana lissafi ta Amurka, inda ya nuna cewa tarihin Fundamenta ya zama tarihin bunƙasar waɗannan fannoni su kansu. Salon nata ma ya yaɗu. A 1929 Banach da Steinhaus suka kafa Studia Mathematica a Lwow domin fannin da Banach ya buɗe, a 1935 kuma aka kafa Acta Arithmetica domin nazarin lambobi. Mujalla mai fanni guda, wadda Lebesgue ya ji wa tsoro, ita ce yau aka saba gani a duk duniya.

Tambayar da ta jira shekara hamsin

Akwai wata al'ada da editocin suka soma tun kundin farko: a ƙarshen mujalla sukan jera tambayoyin da ba a san amsarsu ba, kowace da sunan mai ita. Wannan ya mai da mujallar wurin rabon aiki, ba rumbun ajiye abin da aka gama kaɗai ba. Ɗaya daga cikin tambayoyin kundin farko ta Mikhail Suslin ce, wani ɗalibin Luzin da zazzaɓin taifus ya kashe a 1919 yana da shekara 24. Ke nan kundin ya fito ɗauke da sunayen matasa biyu da ba su rayu sun gan shi ba. Tambayar Suslin 'yan layuka ce: ya lissafa wasu siffofi na layin lambobi, ya tambaya ko duk abin da ke da waɗannan siffofi dole ne ya zama layin lambobin kansa.

Shekaru suka shuɗe ba amsa. Sai bayan da Paul Cohen ya ƙirƙiro sabuwar dabara a 1963 aka sami hanya. Jech da Tennenbaum suka nuna a ƙarshen shekarun 1960 cewa ƙa'idojin da lissafi ke tsaye a kansu ba za su iya tabbatar da amsar e ba, sa'an nan Solovay da Tennenbaum suka nuna a 1971 cewa ba za su iya tabbatar da a'a ba. Tambayar ta faɗa cikin jerin waɗanda tushen lissafi, kamar yadda aka yarda da shi, bai isa ya yanke musu hukunci ba. Dabarun da aka ƙera a kan hanyar gano haka su ne kayan aikin masu nazarin tari har yau.

A nan ne maganar auna tasiri take shigowa. A jami'o'in duniya yanzu ana yawan auna mujalla da wani ma'auni da Eugene Garfield ya ƙirƙiro, wanda ke ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da ta buga a cikin shekara biyu da suka gabata. Da shi ake yanke shawarar ƙarin girma da ta tallafin bincike a wurare da yawa. A fannin likitanci, inda sakamako ke tsufa da sauri, ma'aunin na iya faɗin wani abu. A tsantsar lissafi yana kuskuren mafi yawan abin da ake nema. Rahoton da Ƙungiyar Masana Lissafi ta Duniya ta fitar a 2008 tare da wasu ƙungiyoyi biyu ya nuna cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ambaton da mujallun lissafi ke samu yana faɗawa ne a wajen wannan taga ta shekara biyu. Dalilin a fili yake. Hujjar lissafi in ta tabbata ba ta ruɓewa, kuma sau da yawa sai an daɗe kafin a sami wanda ya san inda za ta yi amfani. A wannan fanni da tsohuwar zuma ake magani. Da an auna layukan Suslin a 1922, da sifili za su ci. Matashin malamin da aka matsa wa ya nuna tasirin aikinsa kafin shekara ta zagayo, ana koya masa ne ya guji irin tambayar Suslin, ya nemi wadda za a gama kafin ƙarshen zango.

Abin da aka biya

Gayyar ba ta zo kyauta ba. Abu na farko da aka sadaukar shi ne faɗi. Zaremba a Krakow bai bi wannan hanya ba, ya ci gaba da lissafin da ke kusa da kimiyyar zahiri, kuma yana da hujjarsa. Aljabara da lissafin aikace-aikace sun yi rauni a ƙasar in aka gwada da fannonin Warsaw da Lwow, har a ƙarshen shekarun 1930 su kansu jagororin makarantar suka fara kira da a faɗaɗa. Taura biyu ba ta taunuwa, amma wanda ya tauna ɗaya ya san ya ajiye ɗaya. Abin da za a ce don kare Janiszewski shi ne cewa faɗaɗawar ta yiwu ne saboda an riga an sami ɗalibai da malamai da suna, abubuwan da babu su a 1911.

Abu na biyu shi ne harshe, kuma wannan ya fi ciwo. Al'ummar da aka hana 'ya'yanta karatu da harshensu, wadda yaranta a garin Wrzesnia suka sha bulala a 1901 saboda sun ƙi amsa darasin addini da Jamusanci, ita ce ta sami 'yanci sannan ta buga babbar mujallarta da Faransanci da sauran harsunan waje. Duk wanda ke wahalar raya ilimi da harshen uwa zai ji nauyin wannan zaɓi. Sai dai in an duba da kyau, ba a yar da harshen gida ba, aiki aka raba. Tun 1888 Samuel Dickstein ke buga mujallar lissafi da kimiyya da harshen Polan, a 1897 ya ƙara wata, kuma irin wannan aiki ne ya tanadi kalmomin fannu da ake koyarwa da su. Janiszewski da kansa ya rubuta babobi da harshen Polan a wani littafin jagora ga masu koyar da kansu da ya fito a 1915. Banach ya rubuta littattafan sakandare, babban littafinsa kuma da harshen Polan ya fara fitowa a 1931 kafin na Faransanci a 1932. A aji da harshen gida ake magana, da shi ake gardama a gidajen shan shayi na Lwow. Harshen waje an ajiye shi ne domin sakamakon ƙarshe, wanda masu iya tantance shi a duniya ba su fi a ƙirga ba. Da babu aikin Dickstein na shekara talatin, da Janiszewski bai sami waɗanda zai gayyata ba.

Kundi na 33

A watan Satumban 1939 Jamus ta mamaye Polan daga yamma, Tarayyar Sobiyat daga gabas. Aka rufe jami'o'in da ke ƙarƙashin Jamus, mujallar ta tsaya a kundi na 32. Sierpinski ya ci gaba da koyarwa a ɓoye a cikin gidaje, aikin da ke iya jawo kisa. An ruwaito cewa 'yan gajerun sakamakon da ya samu ya fitar zuwa Italiya a shekarun yaƙi yakan rufe su da alkawarin cewa hujjojinsu za su fito a Fundamenta Mathematicae, masu karatu kuma sun fahimci cewa ƙasar yake nufi za ta dawo. A 1944, bayan boren Warsaw, aka ƙone gidansa da ɗakin littattafansa.

Mutanen da mujallar ta raina aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Rajchman ya mutu a sansanin Sachsenhausen a 1940. Marcinkiewicz na cikin hafsoshin da Sobiyat ta kashe a wannan shekara. An harbe Ruziewicz da Lomnicki da Stozek a Lwow a 1941, Lindenbaum ma a 1941 aka kashe shi, Saks da Auerbach a 1942, Schauder a 1943. Banach ya tsira ne ta hanyar ciyar da ƙwarƙwata da jininsa a cibiyar binciken taifus ta Weigl, ya rasu da cutar dajin huhu a watan Agustan 1945, wata biyu bayan rasuwar Mazurkiewicz. A wata lacca da ya yi a Krakow a 1945, Sierpinski ya ƙiyasta cewa fiye da rabin masu koyar da lissafi a manyan makarantun ƙasar sun halaka.

Duk da haka, kafin shekarar 1945 ta ƙare kundi na 33 ya fito, an sadaukar da shi ga waɗanda suka mutu. Warsaw kufai ce a lokacin. A kundi na gaba, na 1947, Ba'amurke Raphael Robinson ya nuna cewa ɓangare biyar sun isa a ninka ƙwallon Banach da Tarski, kuma ƙasa da biyar ba za su yi ba. Zancen da aka yanke a 1939 ya ci gaba daga inda ya tsaya. Waɗanda suka tsira a ƙetare kuma suka dasa irin a wasu wurare: Tarski ya gina makarantar manɗiƙi a Berkeley, Samuel Eilenberg ya haɗu da Saunders Mac Lane suka buɗe sabon fanni a 1945, Ulam ya yi aiki a Los Alamos. Wannan ma tasirin mujallar ne, ko da yake babu ma'aunin da ke ƙirga shi.

Kammalawa

Yau Cibiyar Lissafi ta Kwalejin Kimiyya ta Polan ce ke buga Fundamenta Mathematicae. Ta haura shekara ɗari, harshenta ya koma Ingilishi, an ƙara mata nazarin tsare-tsare masu sauyawa da lokaci, amma nazarin tari da manɗiƙi da tofoloji suna nan a matsayin ginshiƙanta. Ba ita ce mujallar lissafi mafi girma a duniya ba, ba ta kuma taɓa neman zama haka ba.

Abin da tarihinta ke nunawa shi ne cewa waɗanda suka kafa ta sun amsa wasu tambayoyi kafin su je maɗaba'a. Sun san fannin da za su tsaya a kai da dalilin zaɓensa, sun san mutanen da ke ƙasa waɗanda za su iya aikin, sun san masu karatun da suke nufi, sun kuma yarda su mayar da maƙala mai kyau in ba ta gonarsu ba ce. Mujallar da aka kafa domin malaman sashe su sami inda za su buga abin neman ƙarin girma tana iya daɗewa, amma da wuya wani daga nesa ya neme ta. Wadda Janiszewski ya tsara an neme ta daga Mosko da Amurka tun ba ta cika shekara goma ba, kuma ɗalibin da ke nazarin tsayayyen ɗigo a yau, a kowace jami'a yake, in ya bi sawun ƙa'idar zuwa asalinta, a kundi na 3 na shekarar 1922 zai tsaya.